Alkawarin Baka A Kan Ƙanƙara

Ranar wata Lahadi a cikin watan Satumban 2021, bayan an idar da sallar isha'i, wani tsohon abokin karatuna ya bugo mini waya daga ƙasar Kanada. Tare muka yi sakandare da shi. Shi ya bi hanyar likitanci, ni kuma na bi ta nazarin harshe, daga bisani neman abinci ya kai shi wani ɗan ƙaramin gari a lardin Saskatchewan, inda likitoci 'yan Nijeriya suka daɗe da zama 'yan gida a asibitocin karkara. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, maganar ɗanka ce. Wata babbar ƙungiya ta gayyace shi sansanin horo. An ce mini in suka ɗauki nauyinsa fiye da awa 48, ko ya buga musu wasa ko da na gwaji ne, to ƙofar jami'o'in Amurka ta rufe masa. Zan turo maka takardun. Kai da ka san harshe, ka duba mini abin da suke nufi."

Na yi dariya na ce, "Likita, ni da ban taɓa taka ƙanƙara ba?" Ya ce ai shi Turanci ya ce in karanta masa, taka ƙanƙara aikin yaro ne. A lokacin yaron yana da shekara 15, saura wata biyu ya cika 16. Wannan waya ce ta jefa ni cikin bibiyar wani al'amari da ban taɓa zaton zai dame ni ba, na kuma ga ya dace in kawo shi wannan shafi, ganin cewa a yau da wuya ka sami ma'aikacin da ba shi da ƙani ko aboki ko ɗa a Kanada ko Amurka, kuma 'ya'yan da ake haifa a can da wasannin can suke tashi.

Ga wanda bai san wasan ba, shi ne wanda muke kira ƙwallon gora a makaranta, sai dai wannan a kan daskararren ruwa ake yin sa. 'Yan wasa shida ne a kowane ɓangare, har da mai tsaron gida, kowa sanye da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, suna korar wani ɗan faifan baƙar roba da sanda mai lanƙwasasshen kai. Su hoki suke ce masa, ni ma haka zan riƙa kiran sa don taƙaitawa. A ƙananan garuruwan yammacin Kanada, inda hunturu ke cinye kusan rabin shekara, zauren hoki shi ne dandali, shi ne kuma majalisar iyaye. Abokina ya sa ɗansa a ciki yana ɗan shekara 5 don kada ya zama saniyar ware a cikin sa'o'insa. Sai aka yi dace, ko in ce rashin dace, yaron ya iya.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan yaro ne farau. Mutum na farko haifaffen Nijeriya da ya buga wasa a NHL, wato babbar gasar ƙwararru ta Arewacin Amurka, a Zariya aka haife shi a 1975. Sunansa Rumun Ndur. Ya girma a lardin Ontario, ƙungiyar Buffalo ta zaɓe shi a 1994. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, ya ci ƙwallo 625 a wannan gasa, aka kuma shigar da sunansa zauren gwarzayen wasan a 2020. Su biyun duk ta babbar gasar matasa ta Kanada suka bi. Shi kuwa Kyle Okposo, shi ma ɗan wani ɗan Nijeriya ne, haifaffen Minesota a 1988, ɗaya hanyar ya bi: makarantar kwana ta Shattuck-St. Mary's, shekara guda a ƙungiyar matasa ta Des Moines, sannan Jami'ar Minesota. A 2006 aka zaɓe shi na 7 a jerin sababbin 'yan wasan NHL, ya bar jami'a a tsakiyar shekararsa ta biyu a Disamban 2007, ya ɗauki kofin Stanley da ƙungiyar Florida a 2024 sannan ya ajiye sanda.

Waɗannan hanyoyi biyu su ne suka rabu a gaban abokina. Ta farko ita ce CHL, uwar gasoshi uku na matasa 'yan shekara 16 zuwa 20, mai ƙungiyoyi 60 a wancan lokaci. Reshenta na yamma, WHL, yana zaɓen yara tun suna 14 ko 15, ana buga wasa 68 a kaka kamar yadda ƙwararru ke yi, ana kuma ba ɗan wasa ɗan abin kashewa, da alkawarin biya masa kuɗin karatun jami'a na shekara guda a madadin kowace shekarar da ya buga. Ta biyu ita ce ta jami'o'in Amurka, ƙarƙashin hukumar NCAA, inda jami'o'in da ke sahun farko a hokin maza ba su wuce 60 da 'yan kai ba, suna buga wasa 34 a kaka, galibi Juma'a da Asabar, sauran mako kuwa aji da horo. Kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan wasan NHL ta nan suka biyo. Matsalar ita ce, shekaru da dama NCAA tana ɗaukar duk wanda ya buga a CHL a matsayin ƙwararre mai cin albashi, bisa hujjar cewa ana ba su kuɗi, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka riga suka sa hannu a kwantaragin NHL. Saboda haka yaron da bai isa a ba shi lasisin tuƙi ba, shi ake sa wa ya yanke hukuncin da ba a warware shi.

Da na zauna da takardun, abin da ya fara ɗaukar hankalina kalmomi ne, ko da yake wannan ba abin mamaki ba ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kalmar da Turawa ke kiran mai wasa don sha'awa da ita, wadda duk dokar ta ginu a kanta, ta shigo Turanci ne ta Faransanci daga wata kalmar Latinanci mai nufin masoyi. Wato wanda ke yin abu don so, ba ya jiran lada. Kalma ce mai daɗin ji, amma a aikace ta zama sikelin da ake auna yaro da shi: wa ya biya masa kuɗin mota, wa ya ciyar da shi, awa nawa. Akwai kuma kalmar "ɗalibi ɗan wasa", wadda ke kowane shafi. Walter Byers, wanda ya shugabanci NCAA daga 1951 har sama da shekara 30, ya amsa da kansa a littafin da ya fitar a 1995 cewa da gangan suka ƙera wannan laƙabi domin kada kotuna su ɗauki 'yan wasa a matsayin ma'aikatan jami'a masu haƙƙin diyya. A 1955 wani ɗalibi mai suna Ray Dennison ya rasu sakamakon bugun da ya sha a ka yana yi wa kwalejinsa wasan ƙwallon Amurka a jihar Colorado. Matarsa ta nemi diyyar ma'aikaci, kotun ƙolin jihar ta hana ta. Ina yawan gaya wa ɗalibaina cewa wanda ya raɗa wa abu suna ya riga ya ci rabin shari'a, ban taɓa samun misalin da ya kai wannan ba.

Har wakilin ɗan wasa ma sai da aka sake masa suna. A lokacin doka ta hana ɗalibi ɗaukar dillali, don haka dillalin ya zama "mai ba iyali shawara". Mutum ɗaya ne, jaka ɗaya, lambar waya ɗaya.

Abin da na gaya wa abokina a wancan dare, har yanzu yana yi mini nauyi. Na ce masa takardun ba su da harshen damo: in ya bar yaron ya buga, hanya ɗaya ta toshe, in ya janye shi kafin awa 48, duka biyun suna buɗe. Na ƙara da abin da ba a tambaye ni ba, na ce ɗan likita ai jami'a ta fi dacewa da shi. Shi ma abin da yake son ji ke nan. Akwai kuma wani tsoro da bai furta ba sai daga baya. Ya san labarin Akim Aliu, haifaffen Okene, wanda a 2005 yana ɗan shekara 16 a ƙungiyar Windsor ya ƙi yarda a tura shi tsirara cikin ban-ɗakin mota tare da sauran sababbin 'yan wasa, kamar yadda aka saba yi wa baƙi, daga baya wani abokin wasansa ya zubar masa da haƙora da sanda a wurin atisaye. Uba ba ya jin irin wannan labari ya manta. Ranar Talata da yamma ya je ya ɗauko ɗansa daga sansanin. A mota yaron bai ce uffan ba har gida.

To, a nan ne hoki ya sha bamban da sauran wasannin jami'a. A ƙwallon kwando yaro kan gama sakandare ya wuce jami'a kai tsaye. A hoki kuwa masu horarwa sun fi son cikakken saurayi mai ƙashi, don haka yawancin sababbin ɗalibai suna shiga aji ɗaya ne suna 20, wasu 21, bayan sun yi shekara biyu ko uku a gasoshin matasa da ba su ɓata wa mutum cancanta. A Amurka mafi girmansu ita ce USHL mai ƙungiyoyi 16, inda ɗan wasa ba ya biyan ko sisi. Ƙasa da ita akwai NAHL. Ƙasa da wannan kuma akwai matakin da iyaye ke biyan kuɗi masu tsoka don ɗansu ya sami wurin bugawa, kuma a nan ne masu sayar da mafarki suka fi yawa. A Kanada akwai gasoshin larduna. Ɗan namu ɗaya daga cikin waɗannan ya shiga a 2022, a wani gari mai nisan tafiyar awa biyar daga gidansu.

Yaro irin wannan a gidan wasu mutanen gari ake sauke shi, su ciyar da shi, su kula da shi kamar ɗansu. Kalmar da suke kiran wannan masauki da ita ma tana da tarihi: asalinta 'yar takardar da ake ba soja a Turai ta umarnin a sauke shi a gidan talaka. Bahaushe ba baƙo ba ne ga tura yaro wani gari neman abin da babu a gida, don haka wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya taɓa ni shi ne yadda matar gidan, wadda ba ta taɓa zama da Musulmi ba, ta ware masa tukunya, kuma da azumin 2023 ya zo daidai da wasannin ƙarshen kaka, takan tashi ta ɗumama masa abincin sahur. Mahaifiyarsa kuwa ba abinci ne ya hana ta barci ba. Motar ce. Ƙungiyoyin nan suna kwana a hanya, ɗaruruwan kilomita cikin dusar ƙanƙara, kuma babu mai ɗa a Saskatchewan da ya manta ranar 6 ga Afrilun 2018, lokacin da wata babbar mota ta ƙi tsayawa a mahaɗar hanya suka yi karo da motar ƙungiyar matasa ta Humboldt, mutum 16 suka rasu, 13 suka ji rauni.

Karatu bai tsaya ba duk da haka, domin NCAA tana da nata sharuɗɗa: darussa 16 da ta amince da su a sakandare, da matsakaicin maki 2.3 bisa 4. Wannan bai zame wa ɗan namu matsala ba. Abin da ya zame masa matsala ranar haihuwarsa ce. Ana raba yara rukuni-rukuni ne bisa shekarar haihuwa, daga 1 ga Janairu. Wanda aka haifa a Janairu da wanda aka haifa a Nuwamba aji ɗaya suke, alhali a shekara 9 ko 10 tazarar wata goma ba ƙaramar tazara ba ce a tsawo da ƙarfi. Babban shi ake zaɓa, shi ake ba ƙwararren mai horarwa, shi ke samun ƙarin lokaci a fili, har bambancin da ya fara a matsayin na wata ya rikiɗe ya zama na iyawa. Masanin halayyar ɗan Adam Roger Barnsley da abokan aikinsa sun nuna haka tun 1985: kimanin kashi 40 cikin 100 na 'yan manyan gasoshin matasa an haife su ne a wata uku na farkon shekara, kashi 10 kacal a wata uku na ƙarshe. Ɗan namu ɗan Nuwamba ne. Duk inda ya kai, da ƙarin wahala ya kai.

A ƙarshen 2023 abin da ake jira ya zo. Mataimakin mai horar da wata jami'a a gabashin Amurka ya zo ya kalle shi sau uku, sannan aka yi masa tayin gurbi da wani kaso na kuɗin makaranta, zai shiga a kakar 2025. Kaso na ce, domin a lokacin doka ta ƙayyade wa kowace ƙungiya tallafin karatu 18 ne, ita kuwa tana da 'yan wasa kusan 27, sai a yanyanka a raba. Yaron ya bugo mini da kansa, muryarsa na rawa. Ya ce, "Baffa, na ba su alkawari, su ma sun ba ni." Na taya shi murna, sannan na tambaye shi ko an rubuta. Ya ce ba a rubutawa sai shekarar shiga ta matso. Haka kowa ke yi.

Haka kowa ke yi, gaskiya ne. Tun 2019 doka ta hana jami'a tuntuɓar yaro kafin 1 ga Janairun ajinsa na 10, ta hana yi masa tayi kafin 1 ga Agustan da zai shiga aji 11, saboda a da har 'yan shekara 13 da 14 ake kamawa. Amma tayin da amsar duk na baka ne, ba su ɗaure kowa a gaban doka ba. Masanin falsafar harshe J. L. Austin ya koyar da cewa akwai maganar da faɗin ta shi ne aikata ta, kamar alkawari da ɗaurin aure da saki, amma sai sharuɗɗanta sun cika. Bahaushe ya riga shi da cewa alkawari kaya ne. Abin da na lura da shi a wannan ciniki shi ne kayan a kan mutum ɗaya yake. Da zarar yaro ya sanar cewa ya ba wata jami'a alkawari, sauran sukan janye, kamar yadda manema ke janyewa daga yarinyar da aka kai wa kuɗin na-gani-ina-so. Ita kuwa jami'ar tana iya riƙe irin wannan alkawari da yara fiye da guraben da take da su, ta ce wa wannan ya ƙara shekara, ta ce wa wancan ta sake tunani.

Ana cikin haka ƙasa ta motsa. A Agustan 2024 wani matashi ɗan Ontario, Rylan Masterson, ya shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Buffalo, yana cewa wasan gwaji biyu da ya buga wa Windsor a 2022, yana ɗan shekara 16, su suka haramta masa jami'a, kuma wannan haramci haɗin baki ne da ya saɓa wa dokar hana danniya a kasuwa. NCAA ta riga ta sha kaye a Kotun Ƙolin Amurka a 2021, alƙalai 9 babu ko ɗaya a bayanta, a kan iyakance amfanin karatu da ake ba 'yan wasa, kuma tun 1 ga Yulin wannan shekara ɗalibi yana iya karɓar kuɗin talla da sunansa da hotonsa. Ba ta jira hukunci ba. Ranar 7 ga Nuwamban 2024 ta sanar cewa daga 1 ga Agustan 2025, 'yan CHL suna iya bugawa a sahun farko na jami'o'i. Katangar da aka sa dubban yara suka tsara rayuwarsu a gindinta, a zama ɗaya aka rushe ta.

A ganina gyaran daidai ne, kuma ya ma makara. Babu hankalin da zai yarda a hukunta saurayi ɗan 20 saboda wasan gwaji da ya yi yana 16. Amma gurabe ba su ƙaru ba, masu nema ne suka ƙaru, kuma waɗanda suka shigo su ne zaratan. A Yulin 2025 Gavin McKenna, ɗan garin Whitehorse wanda ya fi kowa tashe a WHL, ya bar ƙungiyar Medicine Hat ya koma jami'ar Penn State, ana ta rahoton maƙudan dalolin talla da suka ja shi. Wata guda kafin nan kotu ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga kowace jami'a, ya kuma ƙayyade 'yan hoki 26 ga ƙungiyar duk jami'ar da ta shiga tsarin. Kalmar nan mai asali daga "masoyi" tana nan a takardu, sai dai ban san wanda har yanzu yake karanta ta da ma'anarta ta farko ba.

Wayar farko ta zo wa ɗan namu a Janairun 2025: ya ƙara shekara guda a gasar matasa, gurbinsa na nan a 2026. Ta biyu ta zo a watan Mayu, ba ta kai minti biyar ba. Mai horarwar ya yi magana cikin ladabi, ya ce yanayi ya canza, sun sami masu tsaron baya biyu daga babbar gasa, ba zai so ya riƙe shi a kan abin da ba shi da tabbas ba, kuma zai yi masa magana da wasu. A cikin biyun da aka ɗauka, ɗaya tare suka je sansanin nan na 2021. Shi ya zauna, aka bar shi ya buga.

Na bugi ƙirji na kira abokina na ce masa ina cikin waɗanda suka ba da shawarar nan. Ya ce, "Malam, abin da takarda ta ce ka faɗa. Takardar ce ta canza." Na gode masa, amma na san na faɗi abin da ya wuce takarda. Da yaron ya zauna a WHL, da ko ba komai yana da kuɗin karatun shekara huɗu a ajiye, ga kuma ƙofar Amurka ta buɗe masa daga baya. Wa ya san haka a 2021? Babu. Sai dai rashin sanin bai rage wa yaron komai daga abin da ya rasa ba.

Kakar 2025 zuwa 2026 ita ce ta ƙarshe da shekarunsa suka ba shi damar bugawa a matsayin matashi, aka kuma ba shi kyaftin. Wata ƙaramar kwaleji a sahu na uku ta neme shi, inda babu tallafin wasa sai na ƙoƙarin karatu. Wata jami'ar Kanada ta ce ya zo gwaji ba tare da alkawarin komai ba. Da muka yi waya a Disamban 2025 na tambaye shi wanne zai ɗauka. Ya ce, "Baffa, duk wanda zan ɗauka, wannan karon sai na turo maka ka karanta, kuma sai na ga sa hannu a ƙasa." Daga nan ya nemi in yi masa uzuri, motarsu za ta tashi ƙarfe shida, suna da tafiyar awa bakwai a gabansu. Uban ya karɓi wayar, ya rage murya, ya ce ya riga ya cike masa takardar neman gurbin karatun haɗa magunguna, tana cikin aljihun teburinsa a asibiti, bai dai sami bakin gaya masa ba tukuna.